Mota Biyu a Hanyar Tagiris

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan babi, kuma cikin duk abin da na rubuta maku babu wanda na ƙagara in iso kamarshi. Ƴaƴana, na sha jin kuna ba da labarin motocin babanku a karkace. Wani ya ce ni na matsa mashi ya rabu da tsohuwar motarshi don ina son a gan ni cikin sabuwa. Wata ta ce kawunku Hamisu ya yi shekara bai taka gidanmu ba saboda na zage shi a tasha. Ban taɓa zagin yayana ba, kuma ba shekara ba ce, wata biyar ne. Tunda waɗanda aka yi abin da su duk sun riga ni, to ku saurara, ni da idona na gani.

Babanku Malam Idi direban daji ne. Motarshi katkat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, fara mai buɗaɗɗen baya, mutanen tasha suka sa mata suna Jimrau. Kowane mako sai ya loda mata gero da gishiri da sukari da ganyen shayi da dusa, mutane su hau bisa kayan, ya kama hanyar Tagiris. In kasuwa ta watse ya wuce gaba, can rijiyoyin arewa inda makiyaya suke, ya dawo da awaki da fatu da man shanu. Ni kuwa gidan gaba nake zama kusa da shi, domin sana'ata cuku ce. Ina da ƙawa Ba'abziniya a can, sunanta Gaishita, ita ke tara mani cukun matan zangonsu, in kawo Dakoro in ba ƴan Maradi. Hausarta kaɗan ce, Tamashek ɗina kuma abin dariya ne, amma mun yi shekaru muna gane juna, har ta sa ma ɗiyarta sunana, Saude.

Dole in gaya maku yadda ƙarƙashin Jimrau yake, in ba haka ba ba za ku gane rigimar ba. Ni ɗiyar maƙeri ce, ƙarfe ba ya ba ni tsoro, na sha duƙawa in leƙa. Ƙarfe ɗaya ne mai kauri ya gitta daga ƙafar gaba ta dama zuwa ta hagu, kamar an soke su da taɓarya. Shi makanikai ke kira pon. Motar na zaune a kanshi bisa lam, wato dogayen ƙarafa masu faɗi da aka jera ɗaya kan ɗaya. Pon ba ya karyewa da wasa, kuma in ƙafa ɗaya ta hau tudu sai ya danna ɗayar ƙasa, shi ya sa Jimrau ba ta rasa abin takawa ko a wane irin kwazazzabo. Amma duk dutsen da ƙafar dama ta taka sai ta hagu ta ji, motar ta girgiza gaba ɗaya, kai da ke ciki ka ji har haƙoranka. A kan gargada ba a hira, in ka buɗe baki sai ka ciji harshe. Kowace tafiya sai na tarar da cukun ƙasan kwando ya zama gari.

Wanda ke kula da ita shi ne yayana Hamisu, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya baro maƙerar mahaifinmu a Sabon Maci ya zo Dakoro ya buɗe garaji, shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, shi ya ba babanku ni don amininshi ne. Ya san kowace ƙusa ta Jimrau. In ta taho daga nesa, da jin kukan injin zai gaya maka ko babanku ya yi lodi fiye da kima. Maganarshi a gidanmu ba a mayar da ita, ni ma ban taɓa mayarwa ba sai a wannan shekara.

Babanku ya daɗe yana ɗaure ƙugu da tsohon rawani kafin ya shiga mota, muna ɗauka gajiya ce. Bayan kaka, wata rana mun dawo daga arewa, ya tsaya a tasha, ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafa, sai kawai na ga mutum ya zube. Na zagayo a guje.

"Saude," ya ce, "ƙahwar hagu ba tawa ba ce. Ba ni jin ta."

Muka kai shi asibitin Maradi. Lokotoro ya ɗauki hoton ƙashin bayanshi, ya ɗaga shi sama ya nuna mana inda gaɓoɓi suka danne juna. Ya ce jijjigar mota ce ta shekaru, in ya ci gaba a haka wata rana ɗaukar shi za a riƙa yi. Da muka hau hanyar gida sai babanku ya juyo gare ni.

"In na saki bolan na bar tuƙi, mi zan yi? In zauna bakin zaure ina korar kaji?"

Kwana arba'in ya yi a kwance bisa tabarma, Jimrau na tsaye ƙofar gida awaki na kwana ƙarƙashinta. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan, amma sallah a zaune yake yi. Gidan ya yi shiru, ko ku da kuke ƙanana kun bar guje-guje.

Ana nan sai wata rana da hantsi muka ji odar mota a ƙofar gida, wata irin oda mai zaƙi da ba mu sani ba. Kafin in ɗauki mayafi na ji muryar baffanku Sani, ƙanin babanku, wanda ke zuwa Kwatano yana koro ma mutane motoci.

"Matar yaya! Hito ki ga abin da na kawo! Daga yau kin bar cizon harshe!"

Na fito na tarar da unguwa ta cika. Katkat ce ruwan toka mai ƙofa huɗu, ba sabuwa dal ba, amma tana sheƙi. Wanda ya sa a koro ta ya fasa saye, Sani ya ce bari ya fara kawo ma yayanshi ya gani. Direbobin tasha sun biyo ta a ƙafa, wani ya bar shayinshi bisa wuta, wani ya zo da aski rabi. Ɗaya daga cikinsu ya kwanta ya shige ƙarƙashi, sai muka ji ya ƙwala ihu.

"Jama'a, babu pon! Wallahi wagga ba ta da pon!"

Kai, ku zo ku ga turereniya! Manyan mutane masu furfura suna kwanciya cikin rairayi da manyan riguna. Ni ma na duƙa. Gaskiya ne, babu taɓaryar nan. Kowace ƙafar gaba tana da hannuwanta biyu na ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da nata murɗaɗɗen ƙarfe mai lanƙwasa, tana hawa tana sauka ita kaɗai, babu ruwanta da ƴar'uwarta. Sani ya sa aka kawo tubali aka ajiye gaban ƙafar dama, ya ɗora kofin shayi cike bisa murfin injin, ya shiga ya taka tubalin a hankali. Ƙafar ta hau ta sauka, shayin ya yi rawa kaɗan, ko ɗigo bai zube ba. Aka ɗauki sowa. Na waiwaya sai na ga babanku a bakin zaure, dafe da bango, idanunshi na ƙyalli kamar na yaron da aka saya ma rigar sallah.

Aka aika aka kira Yaya Hamisu. Ya zo da tsumma a kafaɗa, bai kula kowa ba, ya shiga ƙarƙashi ya daɗe. Da ya fito ya kaɗe jikinshi.

"Sani, waɗannan hannuwa da ke riƙe da ƙahwa, bisa mi suke juyawa?"

"Bisa rotil, Yaya."

"Wanga ɗan dunƙulen da bai kai ƙwan zabo ba? Shi ka ɗora ma ran mutum goma sha?" Ya juya ga jama'a. "Kuma roba ce ta ruhe shi. Ƙaya ta huda robar, rairayi ya shiga, ya cinye shi kana zaune ba ka sani ba. Lam ɗin Jimrau ya taɓa karye mana bayan Rumbu, na sari reshen aduwa na ɗaure da igiyar kiri, muka iso gida da lodinmu. Wanga in ya karye, da mi za ka ɗaure shi?"

"Yaya, can bakin teku duk irinta ake yi yanzu."

"Bakin teku akwai Wuyan Raƙumi?"

Aka fashe da dariya, domin Wuyan Raƙumi wani mugun kwazazzabo ne gaba da Tagiris, a karkace ake shigar shi a karkace ake fita, kuma dole ka bi ta cikinshi in za ka rijiyoyin arewa. Nan take jama'a suka rabu biyu. Tsofaffin direbobi na bayan Yaya, matasa na bayan Sani, kowa na ɗaga murya. Ni kuwa kofin shayin nan kawai nake gani. Sai na ji bakina ya buɗe.

"To mi ya sa za a yi ta gardama ƙohwar gida? Ga hanya nan. Jibi kasuwar Tagiris, a tahi da su duka biyu mu gani."

Ranar da muka tashi, rabin tasha sun fito rakiya. An raba lodi daidai. Yaya Hamisu ya ja Jimrau, Sani ya ja sabuwar, babanku na gefenshi da matashin kai a baya, ni ina kujerar baya. Da muka fita gari muka hau gargada na riƙe ƙarfen ƙofa, na matse haƙora kamar yadda na saba. Sai na ji shiru. Ƙafafun na ta rawa a ƙasa, ina jin motsinsu, amma mu a ciki kamar muna bisa katifa. Sani ya ƙara wuta. Itatuwa na wucewa fiu, fiu. Muka zo daidai Jimrau, na ga Yaya na tsalle bisa kujera hularshi na taɓa rufi, muka wuce shi na ɗaga mashi hannu, Allah ya yafe mani. Sai na lura muna hira! Ni da babanku muna hira a kan gargada, abin da ba mu taɓa yi ba tunda aka kawo ni gidanshi.

Ba mu yi nisa ba ya ce, "Sani, tsaya. Sauka ka ba ni."

Na ce, "Malam, lokotoro fa?"

"Lokotoro bai shiga wagga ba."

Ya riƙe bolan da hannu biyu kamar yadda ya saba kokawa da Jimrau. Can sai ya saki hannu ɗaya. Can sai ya koma tuƙi da yatsu uku, yana dariya, dariyar da na yi wata biyu ban ji ba. Da muka shiga rairayi motar ta riƙa shawagi bisa tuddai, in ta faɗa rami sai ta haɗiye shi. Yana ta kiran sunana.

"Saude, kin ji? Kin ji ramin nan da muka wuce? Ni ban ji shi ba!"

Muka isa Tagiris, muka sauke kaya, muka yi ciniki, aka dafa shayi muka sha na farko da na biyu, sannan Jimrau ta shigo tana huci. Yaya ya sauko fari fat da ƙura, Sani ya miƙa mashi na uku. Ya karɓa ya sha.

Washegari muka wuce arewa, nan kuma labari ya juya. Manyan motocin da ke ɗaukar dabbobi sun haƙe hanyar, ramin taya biyu masu zurfi, tsakiya tudu. Jimrau ta bi abinta, domin pon ba ya sauka ƙasa da inda yake komai nauyi. Sabuwar kuwa, duk sanda ƙafafunta suka nutse sai cikinta ya sauko ya gurji tudun, mu ji ƙurrr a ƙarƙashin ƙafafunmu. Dariyar Sani ta ragu. Muka iso Wuyan Raƙumi. Yaya ya shiga gaba, Jimrau ta karkace kamar za ta kife, ƙafa ɗaya can sama ɗaya can ƙasa, amma duka suna dafe da ƙasa, ta haye a hankali kamar tsohuwar da ta san gidanta. Babanku ya bi sawunta. Muna tsakiya sai motar ta tsaya, injin na kuka ba ta motsi. Na leƙa ta taga na ga ƙafar gaba ta hagu a sama, tana juyawa cikin iska, tsakaninta da ƙasa ya fi kamu ɗaya. Hannuwan nan nata sun miƙe iyakar miƙewarsu, ba su kai ba.

Yaya ya dawo da baya, ya ɗaura sarƙa, Jimrau ta fizge mu sau ɗaya muka fito. Ya kwance sarƙar, ya naɗe ta a tsanake, sannan ya dubi Sani.

"In ka koma, ka gaida mutanen bakin teku."

A zangon su Gaishita mata suka kewaye sabuwar motar suna shafa ta. Na raba cukun kwando biyu, na sa ɗaya a kowace mota. Da dawowa ma sai da aka ja mu a kwazazzabon. Muka iso Dakoro da la'asar, maƙwabta na jira. Aka buɗe kwandon Jimrau, na ƙasa ya zama gari kamar kullum. Aka buɗe ɗayan, ko ɗaya bai tsage ba. Ƴan bayan Sani suka yi sowa, ƴan bayan Yaya suka ce a ba da labarin sarƙa. Ni ban tsaya ji ba, na shiga gida ɗebo ruwa. A tsakar gida na tarar da babanku ya yi alwala ya tada sallah a tsaye. Na tsaya da buta a hannu. Ya yi ruku'u, ya ɗago, ya yi sujada, ya miƙe bai dafa komai ba. Bayan tafiyar kwana biyu a daji! A nan na yanke shawarata, ban gaya ma kowa ba.

Da safe aka zauna ƙarƙashin itacen bedin gidanmu, ni da babanku da Yaya da Sani. Ba mu da halin riƙe mota biyu, in za a ɗauki sabuwar dole Jimrau ta tafi, in haɗa da shanun da nake kiwo wajen Fulani. Babanku na ta juya carbi.

"Yaya, Jimrau ta ciyar da gidan ga. Kunyarta nake ji."

"To ka ji kunyarta," in ji Yaya. "Zan rage mata lam, in sa maka kujera mai taushi, ka riƙa tahiya a hankali. Waccan motar birni ce, Idi. Za ta yashe ka a daji, kuma duk Dakoro babu mai gyara ta, har ni."

Babanku ya sunkuyar da kai, na ga alamar zai ce to. Sai na yi magana.

"Yaya, duk abin da ka hwaɗa gaskiya ne, na gani da idona. Za ta karye. Amma in ta karye akwai Maradi, a sayo wani ƙarhe a sa. In bayan mutumin ga ya karye, wace kasuwa za ni in sayo wani?"

Ban taɓa ƙetare maganarshi ba, balle a gaban ƙanin mijina. Ya dube ni ya daɗe.

"To, Saude ta zama makanike." Ya miƙe ya sa takalmi. A bakin zaure ya waiwayo. "Kada ku kai Jimrau tasha wani ya wulaƙanta ta. Ni zan saye ta."

Haka aka yi. Ya aiko aka tafi da ita, shi bai zo ba. Wannan ita ce maganar da aka juya maku ta zama zagi.

Watannin da suka biyo baya, ba zan ɓoye maku ba, mun ji daɗi. Babanku ya koma hanya, ya yar da rawanin ƙugu. Tsofaffi da masu ciki da marasa lafiya suka riƙa jiran motarmu, ko da wata ta riga ta cika. Muna zuwa Tagiris mu dawo rana ba ta faɗi ba. Amma iyakarmu Tagiris, Wuyan Raƙumi ya fi ƙarfinmu. Rijiyoyin arewa suka fita hannunmu, Yaya ne ke zuwa da Jimrau, cukun Gaishita kuma ya koma hannun wata. Ta aiko mani da saƙo sau biyu tana tambaya ko laifi ta yi. Kafin in samu hanyar zuwa, zangonsu ya tashi ya yi arewa neman ciyawa. Ban sake ganin ta ba, ban ga takwarata ta girma ba. Wannan yana cikin abin da na biya, kuma har yau in na ga cuku sai na tuna ta. Ga kuma yayana, in na je gaishe shi sai ya amsa a taƙaice ya mayar da kai cikin injin.

Da damina ta faɗi, motar ta fara wani ɗan ƙara a ƙafar dama, ƙwas, ƙwas, in an karya kwana. Na ce a kai ma Yaya, babanku ya ce da wane ido. Wata rana mun taso daga Tagiris da lodi, ruwa ya kwanta a hanya ya rufe wani rami. Muka faɗa. Na ji ƙau, gaban motar ya durƙusa, muka ja ƙasa muka tsaya. Allah ya tsare, ba mu da gudu, babu wanda ya ji ciwo. Muka fito muka ga ƙafar dama ta kwanta waje ɗaya kamar ta akuyar da ta karye. Rotil ɗin ne, ɗan dunƙulen nan. Robar ta yage tun ba mu sani ba, rairayi ya cinye shi.

Aka kira maƙerin wani ƙauye kusa. Ya duba, ya juya abin a tafin hannunshi, ya girgiza kai.

"Da lam ne da na ɗaure maku. Wanga ba aikina ba ne."

Fasinjoji suka nemi amalanke suka watse, aka bar mu mu biyu da buhuna. Sani na Kwatano. Waya ba ta kamawa sai bisa wani tudun rairayi can nesa. Na ce ma babanku ya hau ya kira Yaya, ya ce gara ya tafi Dakoro a ƙafa. Na karɓi wayar na hau tudun da kaina, zanina duk ƙarangiya. Ta yi ƙara sau uku ya ɗauka.

"Yaya, ni ce. Abin da ka hwaɗa ya hwaru."

Na shirya jin faɗa. Sai ya ce, "Akwai wanda ya ji ciwo?"

"Babu."

"Dama ko hagu? Na sama ko na ƙasa?"

"Dama. Na ƙasa."

"Ina kuke?"

Na kwatanta mashi, ya kashe.

Muka kwana a ƙauyen maƙerin. Da hantsi muna zaune gindin motar na ji kukan injin da na sani tun daga nesa. Na miƙe tsaye ina kiran babanku. Ga Jimrau tana keto ruwa da taɓo, tana tsalle tana girgiza, ban taɓa ganin abin da ya yi mani kyau kamarta ba a ranar. Yaya ya sauko da wani ƙunshi a tsumma, ya kwance bisa murfin injin. Rotil ne sabo cikin maiƙonshi, da wani ƙarfen cire shi wanda ban taɓa gani a garajinshi ba.

Babanku ya ce, "Yaya, yaushe ka je Maradi ka dawo?"

"Wa ya ce maka jiya na saye shi? Wata huɗu yana cikin akwatina."

Daga baya matarshi ta gaya mani sauran. Ashe tun makon da ya bar gidanmu cikin fushi yake zuwa Maradi duk Lahadi, ya zauna garajin wani makanike sa'an ɗanshi, mutum da furfurarshi, yana miƙa ƙarfe yana kallon yadda ake kwance irin waɗannan ƙafafu. Ya hana ta faɗa ma kowa.

Bai fara aikin nan da nan ba. Ya tsaya ya dubi babanku tun daga sama har ƙasa.

"Idi, ka ga aduwar can? Tahi ka ɗauko mani dutsen da ke gindinta, in tokare taya."

Akwai duwatsu kusa da ƙafarshi, ni na gan su, shi ma ya gan su. Babanku ya tafi. Aduwar da nisa. Muka tsaya ni da yayana muna kallon bayanshi, yana tafiya a miƙe, babu ɗingishi, babu dafa ƙugu. Ya duƙa ya ɗauki dutsen, ya saɓa a kafaɗa, ya juyo. Yaya ya sa tsumman kafaɗarshi ya goge fuska, ya daɗe yana gogewa.

"Pon ya hi ƙarhi," ya ce, bai dube ni ba. "Ko gobe aka tambaye ni haka zan ce."

"Na sani, Yaya."

"To kina tsaye kina kallon mi? Ɗora mana shayi."

Ya shimfiɗa buhu cikin taɓo ya kwanta ƙarƙashin motar da ya ce ko shi ba zai iya gyara ta ba. Kafin azahar tana tsaye bisa ƙafafunta. Muka kamo hanyar Dakoro, mu a gaba Jimrau a baya, kuma ko sau ɗaya babanku bai yarda ya yi mata nisa ba.

Daga ranar, duk bayan tafiya biyu sai motar ta kwana garajin kawunku ya duba robobin nan ɗaya bayan ɗaya, yana dubawa yana zagin wanda ya ƙera su. Shi ya zama mai gyaran irinta a Dakoro, direbobin da suka yi mana dariya, su ma da suka sayi irinta, suka riƙa layi a ƙofarshi da nasu. Babanku kuwa ya yi tuƙi har ya gaji don kanshi ya ba yayanku bolan, kuma da ƙafafunshi ya je masallaci har Juma'ar da ta zama ta ƙarshe gare shi. Allah ya jiƙan su duka ukun, shi da kawunku Hamisu da baffanku Sani, ya haskaka makwancinsu. In Gaishita na raye Allah ya kai mata gaisuwata, in ta riga ni ya sada mu a inda babu kwazazzabo tsakani.